Kanada da Jamus sun halatta wiwi, ke nan ba ta da illa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Akwai ɗan ƙanwata da nake riƙo tun yana ƙarami, yanzu shekararsa 19, yana aji biyu a jami'a. Kwanan baya na gano yana shan wiwi. Da na zaunar da shi sai ya ce min ai ganye ne kawai, ba irin ƙwaya ba ce, kuma Kanada da Jamus da wasu jihohin Amurka duk sun halatta ta, har likitoci na bayar da ita a matsayin magani, mu ne kawai aka bari a baya. Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah da gaske sun halatta? In haka ne me ya sa, alhali mu nan muna gani tana haukata yara? Kuma ya dace Najeriya ta bi sahu?" Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya saka miki da alherin wannan riƙo, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

In na fahimce ki da kyau, abin da ya ɗaure miki kai shi ne yadda abin da ke kai 'ya'yanmu asibitin ƙwaƙwalwa, a wata ƙasar kuma gwamnati da kanta ke ba da lasisin sayar da shi har tana karɓar haraji. Yaronki bai yi miki ƙarya ba, an halatta. Inda ya kauce shi ne abin da ya ɗauka halattawar ke nufi. Cikin ƙasashen da ya lissafa babu wadda ta ce ta bincika ta gano wiwi ba ta cutarwa. Hujjarsu ita ce sun shekara da shekaru suna kamu da ɗauri, shan bai ragu ba, kuɗin kuma na tafiya aljihun masu safara, don haka bari su karɓe cinikin su riƙe a hannunsu ko ɓarnar za ta ragu. Ko hakan ya biya buƙata, har yau ana ja-in-ja a kai, su ma a can.

Sharuɗɗan da yaran ba sa faɗa

Yurugwai ce ƙasar da ta fara, a watan Disamba na 2013, zamanin shugaba José Mujica, kuma abin da ya tura ta shi ne rikicin masu safarar ƙwayoyi. Can gwamnati ce ke riƙe da akalar komai: sai mutum ya yi rajista, babu talla, kuma ba a sayar masa fiye da giram 40 a wata. A Amurka jihohin Kolorado da Washington ne suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2012, yanzu jihohi 24 sun halatta wa manya, ko da yake dokar tarayya ba ta yarda da shan ta don nishaɗi ba. Kanada ta buɗe tata kasuwar ranar 17 ga Oktoba, 2018. Jamus ta zo a ranar 1 ga Afrilu, 2024, amma ba ta buɗe shaguna ba. Ta dai yarda babba ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe uku a gida, ko ya shiga ƙungiyar masu shuka wadda ba ta neman riba.

Ga abin da za ki iya gaya masa kai tsaye. A duk jihohin Amurkan da yake kafa hujja da su, mai shekara 19 ba za a sayar masa ba, sai ya kai 21. Haka a lardin Kwibek na Kanada. A Jamus kuwa, wanda ke tsakanin 18 da 21 an rage masa adadin da zai karɓa a wata, an kuma ƙayyade ƙarfin wadda za a ba shi. Wato su kansu masu halattawar, shekarunsa ne suka fi jin tsoro.

Sai Tailan, wadda labarinta ba ya cikin waɗanda yara ke yaɗawa. Ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yuni na 2022 ba tare da ta kammala dokar da za ta tsara cinikin ba. Cikin ɗan lokaci shaguna dubbai suka ɓarke a ko'ina. A Yunin 2025 gwamnati ta ja da baya, ta ce sai da takardar likita.

Me ke cikin ganyen

Maganar "ganye ne" ba ta da wuyar amsawa. Taba ma ganye ce. Zaƙami ma tsiro ne, kuma ba a banza Bahaushe ya sa masa suna haukata-yaro ba.

Wiwi tana da sinadarai da dama, amma biyu ne suka shafi maganarmu. Na farko THC, shi ne mai bugarwa, shi ne kuma mai rikita tunani. Na biyu CBD, ba ya bugarwa, kuma akwai alamun yana ɗan rage zafin na farkon. Abin da ya faru cikin shekaru talatin ɗin nan shi ne manoma sun yi ta zaɓen iri har suka ninka THC, CBD kuma ya yi ƙasa. Wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa a 1995 THC ɗinta kusan kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, kuma bai tsaya nan ba. Akwai ma wadda ake tacewa ta koma kamar danƙo ko mai, ƙarfinta ya haura kashi 60. Saboda haka idan wani dattijo ya ce ya sha a samartakarsa bai haukace ba, ina yarda da shi, sai dai abin da ya sha da abin da yaran yanzu ke kira "loud" sunan ne kawai ya haɗa su.

A nan gida kuma akwai wata masifar a kan wannan. Abin da ake sayarwa da sunan "Kolos" sau da yawa ba wiwi ba ce ma, busasshen ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, masu kama wuri ɗaya da THC a ƙwaƙwalwa amma da ƙarfin da ya ninka nasa. Su ne ke sa yaro ya faɗi yana farfaɗiya ko ya sandare a titi. Danginsu ne "kush" da ya sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024. Mai saye a lungu ba shi da yadda zai tantance abin da aka naɗe masa.

Batun taɓin hankali

Nan ne aikina, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Yadda suke zuwa mana kusan iri ɗaya ne. Saurayi tsakanin shekara 17 da 25, iyaye ko yayye sun riƙo shi. Ya kwana da kwanaki ba ya barci. Ya ce maƙwabta na magana a kansa, ko an sa masa wani abu a abinci, ko masu rediyo da shi suke. Wani yana jin muryoyi suna zaginsa. Galibi kafin a kawo shi an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an zargi kishiya ko wani dangi da sammu, zumunci har ya fara lalacewa. Sai an keɓe da abokinsa ko ƙaninsa sannan maganar shan take fitowa. Da yawansu in aka raba su da abin, aka ba su magani, cikin kwanaki ko makonni suna dawowa hayyacinsu. Wasu kuwa ba sa dawowa gaba ɗaya. Wani bincike da aka yi a Denmak ta hanyar bin bayanan marasa lafiya na shekaru masu yawa ya nuna kusan rabin waɗanda wiwi ta taɓa birkita wa hankali daga baya an tabbatar musu da ciwon ƙwaƙwalwa mai ɗorewa, ko dai sikizofireniya ko ciwon da ke kai yanayin zuciyar mutum sama ya dawo da shi ƙasa.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. A Suwidin an bi samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15, aka wallafa sakamakon a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba wajen sau shida a haɗarin kamuwa da sikizofireniya. A 2019 kuma wani babban bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Birazil ya gano mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku a haɗarin taɓin hankali, in kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar.

Amma adalci ya sa in faɗa miki ɗaya ɓangaren, don shi ma yaron zai faɗa miki. Mafi yawan masu shan wiwi ba sa haukacewa. Zai nuna miki abokansa goma da ke sha suna cin jarabawa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ni likitan asibiti waɗanda abin ya kayar nake gani, waɗanda suka tsallake ba sa zuwa wurina, dole in riƙa tuna wa kaina wannan. Masana ma suna muhawara kan ko wani ɓangare na alaƙar daga gado ne, wato wanda dama yake da shirin ciwon a jininsa shi ne ya fi saurin jawuwa ga shan. Abin da hujjoji suka taru a kai shi ne haɗarin yana hawa da abu huɗu: fara sha da ƙuruciya, sha kullum, shan mai ƙarfi, da kasancewar ciwon ƙwaƙwalwa a dangi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, musamman sashen gaba mai kula da yanke shawara da kame kai, ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Kuma babu wani gwajin jini da zan yi wa yaro in ce masa kai sha abinka, ba ka cikin waɗanda za ta kayar.

Sannan akwai kamu, wato ta kama mutum ya kasa bari, wanda yara ke musantawa ƙwarai. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka fara sha yakan kai ga ba ya iya bari. In da ƙuruciya ya fara, ɗaya cikin shida. Alamar ita ce in ya daina sai barci ya ƙaurace, ga saurin fushi, ga rashin cin abinci, na mako ɗaya zuwa uku. Abin da ya fi damuna ma ba haukan da ake gani a titi ba ne, shi ne yaron da a hankali karatu ke zame masa, ya daina zuwa lacca, ya daina damuwa da komai, har a kore shi ba wanda ya san dalili.

Gaskiya ne wiwi ita kaɗai ba ta tsayar da numfashi ta kashe mutum nan take yadda tiramadol ko kodin ke yi in an zarce. Sai dai a wurinmu da wuya ka sami mai shan ta ita kaɗai. Ana haɗa ta da tiramadol, da roci, da ezol. Tana kuma rage saurin ankara, wanda ga mai tuƙin mota ko adaidaita sahu ko acaɓa ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yanzu babu na'urar hurawa mai sauƙi da za ta auna buguwar wiwi a bakin titi kamar yadda ake yi wa giya.

To, ai magani ce

Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce idan aka kwatanta da tallan da ake yi mata. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wani ruwan CBD tsantsa, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Tun 1985 ake amfani da wani maganin THC da aka haɗa a ɗakin bincike don tsayar da aman masu shan maganin sankara. Akwai kuma feshin baki da ake ba masu wata cutar jijiyoyi da ke sandarar da gaɓoɓi. Saboda irin wannan ne a Disambar 2020 hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka ba shi da wani amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Ba a cire ta daga jerin abubuwan da ake sa wa ido ba.

Duk waɗannan aunannun magunguna ne, da adadi sananne, don cuta sananniya, ƙarƙashin kulawar likita. Mofin da muke yi wa mai ciwon sankara allurarsa daga tsiron da ake yin hiroyin yake fitowa, ba wanda ya taɓa cewa don haka a bar samari su sha hiroyin.

Abin da aka gani bayan halattawa

Masu goyon baya sun ci wasu maki, ba zan ɓoye ba. Kamun matasa kan ɗan ƙullin wiwi ya ragu ƙwarai, wanda a Amurka ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata. A Kanada yanzu mafi yawan masu sha daga shagon da ke da lasisi suke saye, an rubuta ƙarfin abin a jikin kwali, ba a cakuɗa shi da guba ba. Kuma tsoron da aka yi cewa 'yan sakandare za su ruɗe da sha bai tabbata yadda aka zata ba. A yawancin ƙididdiga shansu bai tashi sosai ba.

Amma manya masu sha kullum sun ƙaru, zuwa sashen gaggawa saboda wiwi ya ƙaru, har da wani ciwon amai mai tsanani da ke kama waɗanda suka daɗe suna sha. Da Kanada ta yarda a sayar da alewa da cakulan masu THC a ƙarshen 2019, sai ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 10 suka fara cika asibiti, sun tsinci na iyayensu sun shanye. Lardunan da suka yarda da alewar sun fi Kwibek, wadda ta hana, ganin wannan tashin nesa ba kusa ba.

Darasin da ni na ɗauka shi ne ba halattawar kanta ce ta fi ɓarna ba, shigowar kamfani ne. Ribar mai sayar da wiwi ba daga mai sha sau ɗaya a wata take fitowa ba, daga mai sha kullum take fitowa. Duk kamfanin da ke son ya girma dole ya so masu sha kullum su yawaita, ya ƙara wa kayansa ƙarfi, ya yi masa ado. Mun riga mun ga wannan a taba sigari, wadda halal ce a dokar kowace ƙasa kusan, tana kuma kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara.

Najeriya fa?

Hanin da muke da shi ba sabo ba ne, kuma ba mai sauƙi ba ne. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ta tanada ga mai noman wiwi. An kafa NDLEA a 1989. Duk da haka binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Ana noma ta a dazukan Ondo da Edo da Osun da Delta, ana loda ta zuwa Arewa. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, tun 2019 ya yi ta kiran a yarda a noma ta don magani da fitarwa waje, an kuma kai ƙudiri majalisar wakilai a 2023 bai wuce ba. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya sha faɗin ba ya goyon bayan halattawa. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noman magani a 2017, Moroko ta yi doka a 2021, Gana kuma ta yarda da nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ba ya bugarwa.

Ra'ayina, a matsayin mai duba marasa lafiya ba mai yin doka ba: buɗe kasuwar wiwi a Najeriya yanzu ganganci ne. Duk kariyar da Kanada ta dogara da ita, duba katin shekaru, auna ƙarfi, hana talla, tana buƙatar hukuma mai iya tsarewa. Mu kuwa tiramadol da kodin magunguna ne da doka ta ce sai da takardar likita, amma kowa ya san yadda suka zama ruwan dare, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. In masu buƙata suka ƙaru ko da kaɗan ne, ina za a kai su? Gidajen mari irin waɗanda aka fasa a Kaduna da Katsina a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, rashin wurin kaiwa ne ya cika su.

Amma ba na tare da masu ganin a ci gaba da yadda ake. Kai yaro ɗan shekara 19 gidan yari kan ƙulli ɗaya ba ya raba shi da sha. A can zai haɗu da waɗanda za su koya masa abin da ya fi wiwi, ya fito ba makaranta ba aiki. Tsoron kamu da abin kunya kuma shi ke sa iyaye su ɓoye yaro har sai abin ya ƙazanta. Fotugal tun 2001 ta daina ɗaukar mai sha a matsayin mai laifin da za a ɗaure, tana tura shi gaban wani kwamiti da zai haɗa shi da magani, dillali kuwa tana nan tana hukunta shi. Wannan hanyar ta fi kusa da abin da nake ganin zai amfane mu, tare da ƙyale magungunan da aka tabbatar su shigo ta hannun NAFDAC kamar kowane magani. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, kuma sun daɗe da magana: hadisi ya ce duk mai sa maye haramun ne, Ibn Taimiyya tun ƙarni na 14 ya sanya hashish, wato wiwi, a ciki. Dokar Jamus ba ta canja wannan ga Musulmi ba.

Shi kuma yaron, Hajiya, tunda har ya tsaya ya kawo miki hujja bai musa ba, ƙofa a buɗe take, kada faɗa ya rufe ta. Ba zan iya auna shi daga wasiƙa ba, amma ki nemi sanin abu huɗu cikin ruwan sanyi: yaushe ya fara, sau nawa yake sha a mako, wace iri ce kuma yana haɗawa da ƙwaya, sannan ko a danginku ko na mahaifinsa an taɓa samun mai taɓin hankali. In ya ce shi ba ta kama shi ba, ki ce ya nuna miki, ya bari na wata guda. In ya kasa, ko barci da fushi suka dame shi, to ku je a gan shi tun yanzu. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika kusa da ku, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, suna da sashen masu shaye-shaye. In kuwa kika ga ya daina barci kwana biyu ko uku a jere, yana zargin mutane ba dalili, yana magana ko dariya shi kaɗai, ko ya ambaci kashe kansa, kada a jira ƙarshen zangon karatu, kada kuma a ɗaure shi a ɗaki. A kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha.